Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Kwamishinonin Lafiya na jihohin Arewa: a dawo da firidoksin da tayamin cikin jerin magungunan asibitocinmu

Masu girma Kwamishinoni,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku, Ya ba ku lafiyar da kuke nema wa jama'a.

Ni mai harhaɗa magunguna ne. Shekarata goma sha huɗu ke nan a bayan tagar ɗakin magani na wani asibitin ƙaramar hukuma. Na rubuto ne da yawun abokan aikina, nas-nas da ungozomomi da ma'aikatan lafiya na ƙauyuka waɗanda muka sha tattauna wannan magana da su, da kuma marasa lafiyar da ke miƙo mana kati ta wannan taga, waɗanda yawancinsu ba za su taɓa taka ƙofar ofishinku ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Takardar odar magungunan da muka aika a zangon da ya wuce ta dawo mana an ja jan biro a kan abu biyu: ƙwayar firidoksin, wato bitamin B6, da allurar tayamin, wato bitamin B1. A gefe an rubuta cewa kuɗi sun yi ƙaranci, a fara da magungunan dole, bitamin ya jira. Da na tuntuɓi abokai a wasu asibitocin, labarin ya zo kusan iri ɗaya. Ban riƙe wanda ya ja layin a zuciya ba, domin na san da ƙaramin aljihu yake aiki, kuma a tunaninsa bitamin kayan ƙarin kuzari ne da ake ba majinyaci don a faranta masa. Wannan tunanin nake so in gyara, ranku ya daɗe, domin yana jawo wa mutanenmu asarar da ba ta dawowa.

Ku ba ni dama in fara da yadda ƙwaƙwalwa take koyo, don a nan maganar take. A cikin kan ɗan Adam akwai ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86. Ba a manne suke da juna ba. Tsakanin wannan da waccan akwai ɗan gibin da ido ba ya gani, inda ɗaya take feso sinadari ɗayar ta karɓa. Masana na kiran wurin sinafs, mu ce mahaɗa. Mahaɗar nan tana sauyawa kullum: in ana yawan bi ta kanta sai ta ƙara ƙarfi, in aka ƙaurace mata sai ta saki. Duk malamin tsangaya ya san haka ko da bai taɓa jin sunanta ba. Shi ya sa ake tishi da asuba, shi ya sa gardin da ya bar tilawa wata uku yakan ji izifin da yake ja kamar ruwa ya fara yi masa gardama. A 1973 ne wasu masana biyu, Tim Bliss da Terje Lomo, suka buga aikin da suka yi a birnin Oslo a kan zomaye. Sun nuna cewa in aka zaburar da wata hanyar jijiya a sashen da ake kira hifokamfas, inda ake fara ajiye sabon abin da aka koya, mahaɗar takan ci gaba da riƙe ƙarfinta sa'o'i da yawa bayan an daina zaburarwar. Hadda da sana'a da gane hanyar gida duk a kan wannan suke tsaye.

To ina bitamin ya shigo? Bitamin ɗin da mutum ya haɗiya tamkar gero ne a buhu. Ba a cin tsabar gero a ce an ci tuwo, sai an surfe, an niƙa, an tankaɗe, an tuƙa. Masu wannan aiki a cikin jiki su ne sinadaran da ake kira enzayim. B6, alal misali, sai wani enzayim mai suna firidoksal kinas ya maƙala masa fosfet, wani kuma, wanda shi kansa sai da bitamin B2 yake aiki, ya ƙarasa sarrafa shi, sannan ya zama abin da jiki zai mora, wanda ake taƙaita sunansa da PLP. Shi kuma PLP ayyukan enzayim sama da 140 ne ba sa gudana sai da shi. Uku daga ciki sun ishe mu misali. Akwai wanda ke mayar da gulutamet, sinadarin da ke tunzura jijiya, ya koma GABA, sinadarin da ke taka mata birki. Akwai wanda ke ƙera dofamin da serotonin, masu riƙe da himma da natsuwar zuciya. Akwai kuma serin rasemas, wanda aka gano a 1999 a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, mai samar da D-serin. Ita D-serin tana cikin makullan da ke buɗe wata ƙofa a jikin ƙwayar jijiya da ake kira NMDA, kuma ta wannan ƙofa kalsiyam yake shiga ya sa mahaɗa ta ƙara ƙarfi. Ashe ke nan ƙwayar da aka soke a takardata tana da hannu a birkin ƙwaƙwalwa, tana kuma da hannu a ƙofar da sabon karatu yake bi ya zauna.

Kokena na farko ya shafi masu tarin fuka. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu wannan cuta, kuma ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna kusan rabin miliyan ne ke kamuwa a shekara. Maganinta kyauta ne, kuma a nan gwamnati da masu tallafi sun cancanci yabo. Amma a duk tsawon wata shidan da ake shan magani, tun daga wata biyun farko na magunguna huɗu har wata huɗun ƙarshe na magunguna biyu, isoniyazid yana ciki. Shi ne kuma ake ba masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau da yaran da ke gida ɗaya da mai tari a matsayin rigakafi. Magani ne mai kyau, ya ceci rayuka ba adadi. Illarsa ita ce yana daƙile firidoksal kinas ɗin nan da na ambata, kuma yana kama B6 ya fita da shi ta fitsari. Shi ya sa aka daɗe da shawartar a haɗa shi da firidoksin miligiram 10 zuwa 25 a rana, musamman ga mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon suga, mai ƙanjamau, mai ciwon ƙoda da wanda bai samun isasshen abinci. Ku duba wannan jeri, ranku ya daɗe, ku gaya mini majinyatan tari nawa ne a ƙauyukanmu ba su faɗa cikin ɗaya daga ciki ba.

Akwai wani tela da ba na mantawa da shi. Da keken ƙafa yake ɗinki a bakin kasuwa. A wata na uku da fara magani ya jingina da tagata ya ce, “Likita, wallahi da dare tafin ƙafata kamar an shafa barkono, da rana kuma ba na jin keken a ƙarƙashina. Jiya sai da na ɓata wa mutum shadda.” Na duba kanta, babu firidoksin. Na rubuta masa a takarda ya saya a kemis. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, kuma daga yadda ya ninke ta na san ba zai saya ba, don an ce masa maganin tari kyauta ne, kuma ranar ko kuɗin cefane bai haɗa ba. Ya je wurin wanzami aka yi masa ƙaho. Da abin bai lafa ba sai ya yanke hukuncin cewa maganin ne ke cin jijiyarsa, kuma a wannan bai yi ƙarya ba, ya daina sha. Bayan wata biyar ɗansa ya dawo da shi a bayan babur, tari ya dawo, jiki ya zube. Duk wanda ya yi aikin tarin fuka ya san abin da katse magani ke haifarwa: ƙwayar cuta mai bijire wa magani, jinya mai tsawo da tsada, da yaran gida da ke shaƙar iska ɗaya da shi. Wasu daga magungunan da ake komawa gare su a irin wannan hali, kamar saikuloserin, su ma suna taɓa B6, har sukan jawo ruɗewa da jijjiga. Abin da aka tsimi a kan ƙwaya ɗaya mai arha, an biya shi ninki-ba-ninki.

Akwai kuma abin da ke hana ni barci game da wannan magani. Yana ajiye a dubban gidaje, a kan taga ko ƙarƙashin filo, inda hannun yaro ke kaiwa. Wanda ya haɗiyi isoniyazid da yawa yakan shiga jijjigar da magungunan jijjiga na yau da kullum ba sa iya tsayarwa, domin GABA ya ƙare, birki ya tsinke. Makarinsa shi ne firidoksin ta jijiya, giram ɗaya a kan kowane giram na abin da aka sha. A ɗakin taimakon gaggawa namu babu ko kwalba ɗaya.

Koke na biyu jarirai ne. A farkon shekarun 1950 a Amurka jarirai da yawa suka riƙa jijjiga, aka rasa dalili, sai daga baya aka gano zafin da ake dafa wata madarar gwangwani da shi ya lalata B6 ɗin da ke ciki. A 1954 kuma aka fara bayyana wata farfaɗiyar jarirai da ba ta jin kowane magani sai firidoksin. An ɗauki fiye da shekara hamsin kafin a 2006 masana a Landan su gano cewa wani enzayim ne mai suna antikwitin ke da naƙasu a jikin irin waɗannan yara, sai wani sinadari ya taru yana kashe PLP. Cutar ba ta da yawa, amma gadonta ake yi daga uwa da uba a tare, don haka ta fi yiwuwa inda ake auren zumunci, mu kuwa muna yi. Ba auren nake zargi ba, a gidanmu ma an yi shi kuma ya yi albarka. Ina cewa ne al'ummar da ke da wannan al'ada ya kamata asibitocinta su kasance a shirye. Ƙwararrun farfaɗiya sun shawarta cewa jaririn da jijjigarsa ta ƙi jin magani na farko da na biyu, a gwada masa firidoksin a gaban likita, da kayan taimakon numfashi a kusa. A wurinmu jariri mai taune-taune ana ba shi abin da ya samu, in ya ƙi sai uwa ta goya shi ta nufi gida, a ce iska ce. Duk sa'ar da ya yi yana jijjiga, a daidai lokacin da mahaɗun ƙwaƙwalwarsa ke ƙulluwa da sauri fiye da kowane lokaci a rayuwa, asara ce da zai ɗauka har makaranta.

Na uku shi ne tayamin, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin a nan ne hannunmu mu ma'aikata yake iya cutarwa ba da sani ba. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin babban mutum ba, amma tana cin kusan kashi 20 na makamashin jiki, kuma ga ƙaramin yaro rabonta ya fi haka nesa. Abincinta suga ne. Ƙona sugan nan kuwa yana hannun wasu enzayim da ba sa motsi sai da tayamin da aka sarrafa. Jiki ba ya tara tayamin da yawa, ajiyarsa ba ta wuce ta mako biyu zuwa uku. Yanzu ku ɗauki mace mai sabon ciki, laulayi ya kama ta, ta yi mako huɗu ko ruwa ta sha sai ya dawo. Ajiyarta ta ƙare. Aka kawo ta, aka ɗaura mata ruwan suga leda bayan leda, don kowa ya yarda ƙarin ruwa shi ne magani. Sugan nan sai ya cinye ɗan guntun tayamin da ya rage, sassan ƙwaƙwalwa masu yawan ci su fara mutuwa. Tun 1881 likitan Jamus Carl Wernicke ya bayyana alamomin: ruɗewa, rawar ido, da tangaɗi wurin tafiya. In aka yi jinkiri sai a faɗa cikin abin da likitan Rasha Korsakoff ya bayyana bayan 'yan shekaru, wato mutum ya kasa ajiye sabon abu a ransa.

Na ga wannan da idona sau ɗaya, kuma sau ɗayan ya ishe ni. Yarinya ce 'yar shekara goma sha tara, cikin fari. Kafin a kawo ta wurinmu an riga an yi mata ƙarin ruwa da yawa a wani shago. Idanunta suna rawa kamar fitilar da mai ya ƙare mata. Likitanmu ya gane abin nan take, ya nemi allurar tayamin, na ce babu. Mijinta ya hau mota zuwa birni, ya yi kwana biyu yana zagaya kantuna kafin ya samo. Ta rayu, alhamdu lillahi. Ta gane mahaifiyarta, tana karanta Fatiha ba tuntuɓe, tana tuna ƙawayenta na makarantar allo da sunayensu. Amma abin da aka gaya mata da hantsi ba ya kai azahar. Cikin ya zube a kwanakin nan, kuma sai da mahaifiyarta ta riƙa sanar da ita sabo kullum, tana kuka sabo kullum. Tsofaffin mahaɗu suna nan, sababbi ne suka daina ƙulluwa.

Wannan ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar nan. A ƙasar Ijesha da ke kudu maso yamma an daɗe ana fama da wata rawar jiki da tangaɗi da ke zuwa duk damina, har wani likitan jijiya na Ile-Ife, Adamolekun, ya danganta ta a 1993 da wata tsutsa da ake ci a lokacin, daga baya aka tabbatar tsutsar na ɗauke da enzayim mai farfasa tayamin. A Isra'ila kuma a 2003 wata madarar jarirai ta waken soya ta fito kasuwa babu tayamin a ciki. Wasu jariran sun mutu, kuma da aka bi sawun waɗanda suka sha ta suka tsira ba tare da wata alama ba, bayan shekaru an tarar da yawansu suna da rauni a harshe da fahimtar magana. Wannan na biyun shi ya fi ba ni tsoro, domin yana nufin yaro na iya tashi garau a ido alhali an riga an rage masa wani abu.

Wani abin lura a gidajenmu: tayamin ɗin hatsi a dusarsa yake. Muna surfe gero da masara fes, mu ba awaki dusar, mu ci farin. Matan da ke gumin shinkafa kuwa, ba tare da sun sani ba, suna tura bitamin ɗin daga ɓawo zuwa cikin ƙwaya, shi ya sa shinkafar da aka guma ta fi fara tas amfani ta wannan fuska. Magana ce da ta cancanci minti biyar a rediyo.

Na huɗu, B12 da folik asid, waɗanda aikinsu a haɗe yake a hannun enzayim guda, kuma da su ake gina rigar da ke lulluɓe jijiya. B12 daga nama, kifi, ƙwai da nono kawai ake samunsa, kuma kun fi ni sanin farashinsu yau. Uwar da ba ta da shi, nononta ma ba shi da shi, sai jariri ya kai wata shida ko takwas ya fara komawa baya, murmushi ya ɗauke, zaman da ya fara ya gagara. Masu ciwon suga da suka shekara da shekaru a kan metfomin su ma B12 ɗinsu yakan ragu. In suka zo da dindirisin ƙafa ko mantuwa sai mu ce sugan ne ko tsufa, mu ƙara musu magani, ba wanda ya auna. Folik asid kuwa muna raba shi a wurin awo, amma a makare. Bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar ɗan tayi yana rufewa ne cikin kwana 28 na farko, lokacin da mace ba ta ma tabbatar tana da ciki ba, matanmu kuwa sai ciki ya kai wata huɗu ko biyar suke zuwa awo. Tun 1991 wani babban gwaji da aka jagoranta daga Birtaniya ya nuna shan folik asid kafin ɗaukar ciki ya rage maimaituwar haihuwar jariri mai buɗaɗɗen baya da kusan kashi 70 cikin 100.

Na biyar, bitamin A. Mun san shi da maganin dundumi da rage kaifin ƙyanda, kuma hakan gaskiya ne. Amma a cikin ƙwaƙwalwa wasu enzayim suna mayar da shi asid ɗin retinoyik, wanda ke shiga har cibiyar ƙwayar jijiya ya ba da umarni. A 2001 masana a cibiyar Salk ta Kalifoniya sun hana ɓeraye bitamin A, sai ƙarfafar mahaɗa a hifokamfas ta raunana ƙwarai. Da suka mayar musu da shi sai ta dawo. Wannan dawowar ita ce abin farin ciki a cikin labarin. Muna da makon lafiyar mata da yara sau biyu a shekara, inda ake ɗiga shuɗin ƙwanso ga 'yan wata 6 zuwa 11 da ja ga 'yan wata 12 zuwa 59. Ƙauyen da rashin tsaro ko rashin kuɗin mai ya hana tawaga zuwa, yaransa sun yi asarar wata shida. Tun 2002 doka ta wajabta sa bitamin A a man girki da suga da fulawa, da tambarin ido a jiki, amma man da talaka ke saye na awo ne a tsohuwar gora, a shanye cikin rana, hasken rana kuwa yana lalata bitamin ɗin. Duk wannan yana faruwa ne a yankin da binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 57 cikin 100 na yaran Arewa maso Yamma 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba ina kira a cika mutane da bitamin ba ne, kuma ba na tare da masu tallar “maganin buɗe ƙwaƙwalwa” a tasha da cikin motocin haya. B6 da kansa in aka daɗe ana shansa da yawa yana lalata jijiyar da yake karewa. Bitamin A mai yawa yana naƙasa ɗan tayi. Masana a jami'ar Würzburg ta Jamus sun cire wa ɓeraye enzayim ɗin da ke rushe PLP, PLP ya ƙaru a ƙwaƙwalwarsu, suka fi saurin koyo da tunawa, amma kuma ƙwarewarsu ta motsi ta ragu. Jiki da ma'auni yake aiki. Abin da nake nema shi ne adadin da aka sani, ga mutumin da aka sani, a lokacin da aka sani, daga hannun ma'aikacin da aka horar. In asibiti ya bar gurbin, mai jakar talla ne zai cike shi.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

A mayar da ƙwayar firidoksin da allurar tayamin cikin odar kowane asibiti, a kuma fitar da umarni a rubuce cewa ba sa cikin abin da ake sokewa in kuɗi sun gaza. Firidoksin da tayamin duka suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, don haka ba sabon abu muke nema ba. Firidoksin na masu tarin fuka ya zo cikin leda ɗaya da maganin tari, kyauta kamar yadda maganin yake kyauta. In masu tallafi ba su kawo shi ba, jiha ta saya daga asusunta, kada a jingina shi ga asusun magunguna mai juyawa inda sai majinyaci ya biya. A kuma ƙara tambaya ɗaya a katin da ake cikewa duk wata: “Kana jin zafi ko dindiris a ƙafa?” Tambayar ba ta cin ko sisi, kuma da an yi wa telan nan ita a wata na biyu da labarinsa ya sauya.

A manna takarda a bangon duk ɗakin da ake ƙarin ruwa, da Hausa da Turanci: mai ciki da ta daɗe tana amai, wanda ya daɗe bai ci ba, mai tamowa, da mai shan barasa, a ba su tayamin kafin ruwan suga ko tare da shi. Masu sa ido kan kemis-kemis da ƙananan asibitoci masu zaman kansu su kai wannan takarda can ma, don can ake fara ɗaura ruwan.

Kowane babban asibiti mai sashen jarirai da ɗakin gaggawa ya ajiye firidoksin na allura, ko da kwalabe kaɗan ne, tare da ƙa'idar amfani da shi a rubuce.

A samar da gwajin B12 aƙalla a asibiti ɗaya a kowace shiyya, a riƙa tura waɗanda suka daɗe a kan metfomin, a kuma ajiye allurarsa. Game da folik asid, dama tana hannunku. Jihar Kano ta mayar da gwajin lafiya kafin aure doka a 2024, wasu jihohin ma suna yi. Duk amaryar da ta zo gwaji a sallame ta da folik asid na maikurogiram 400 a rana da bayanin dalilinsa. Babu lokacin da ya fi wannan dacewa, kuma ba a buƙatar gina ko ɗaki ɗaya. Inda aka fara raba wa masu ciki ƙwayar da ta haɗa bitamin da ma'adinai iri 15, a tabbatar ba ta yankewa.

A ware kuɗin makon lafiyar mata da yara da wuri, a kuma tanadi hanyar komawa ƙauyukan da aka tsallake maimakon a jira zagaye na gaba.

Na ƙarshe ya shafi makarantunku na koyar da nas-nas da ma'aikatan lafiya. Ana koya wa ɗalibi bitamin a jere kamar jadawali: suna, abinci, cuta. Ya haddace ya ci jarrabawa ya manta. A koya masa cewa isoniyazid yana daƙile enzayim, cewa ruwan suga yana cinye tayamin, don ranar da zai zauna a kujerar mai soke oda ya san abin da jan bironsa yake taɓawa. Jami'o'inmu na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna da malaman da za su iya auna yawan waɗannan matsaloli a cikin majinyatanmu, in kun ba su ɗan tallafi da izinin duba bayanai.

Odar zango mai zuwa za ta tashi ƙarshen wannan wata. Na sake rubuta firidoksin da tayamin, wannan karon a layi na farko da na biyu. Ina roƙon umarninku ya riga takardar isa.

Wassalamu alaikum.

Naku cikin girmamawa,
Wani mai harhaɗa magunguna a asibitin ƙaramar hukuma, a madadin abokan aikinsa da majinyatansu